ƘASAR DA AKE ƊAURA AURE DA IGIYA

Bahaushe ya saba cewa "igiyar aure", har ya san guda uku ce, amma babu wanda ya taɓa ganinta da idonsa. To, a ƙasar Sikotlan da ke arewacin Birtaniya, igiyar ana ganinta, ana taɓa ta, har ango da amarya su tafi da ita gida. Suna kiran wannan al'ada "handfasting", kalmar da ta samo asali daga harshen mutanen arewacin Turai na da, ma'anarta ƙulla alkawari ta hanyar haɗa hannu.

Da yawa daga masu yin irin wannan aure baƙi ne. Saurayi da budurwa sukan taso daga Amurka ko Kanada ko Ostireliya, ba dangi ba 'yan rakiya, su nufi kwarin Glencoe, ko tsibirin Skye, ko gaɓar tafkin Lomond. Sau da yawa taron ba ya wuce mutum biyar: su biyu, da maɗaurin auren, da shaidu biyu, ɗayan ma mai ɗaukar hoto ne. Ba rumfa ba kujera, ga iska ga yayyafi, don ƙasar ba ta rabo da ruwa.

Maɗaurin auren, namiji ko mace, ba lalle ne ya zama malamin coci ba. Tun 2005 hukuma ta yarda wa wakilan ƙungiyar waɗanda ba su bin addini su ɗaura aure a Sikotlan. Kafin ranar yakan yi ta musayar saƙo da masoyan, ya ji labarin haɗuwarsu, ya shirya jawabinsa. A wurin kuwa sai ya sa su fuskanci juna su kama hannu, ya ɗauko igiya ko ƙyallen saƙin ƙasar mai zanen gidan dara, ya naɗa a hannuwansu. Kowa ya faɗi alkawarinsa, sa'an nan su zare hannu a hankali suna jan bakin ƙyallen, sai ƙulli ya bayyana a tsakiya. Wannan ƙulli ba a kwance shi.

Mai karatu zai tambaya, me ya sa sai Sikotlan? Dalili shi ne dokar ƙasar mutum take bai wa izini, ba gini ba, saboda haka ana iya ɗaura aure a kan dutse ko a bakin teku. Daɗa kuma baƙon aure ba sabon abu ba ne a can. A 1754 wata doka ta fara aiki a Ingila wadda ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure sai da yardar iyaye. A Sikotlan kuwa yaro ɗan shekara 14 da yarinya 'yar 12 suna iya furta cewa sun auri juna a gaban shaidu biyu, aure ya ɗauru. Sai masoyan Ingila suka riƙa gudu zuwa Gretna Green, ƙauyen da ke bakin iyaka, inda ake ɗaura musu aure a maƙera, a buga masaba a kan uwar maƙera. A 1856 aka ce sai ɗayansu ya zauna a ƙasar kwana 21 tukuna. A 1940 aka soke auren furuci, a 1977 kuma aka janye sharaɗin zaman.

Ga inda ya kamata a lura. Igiyar nan ba ita ce auren ba a wurin hukuma. Tilas masoyan su aika da takardar sanarwa ga ofishin rajistar aure na yankin aƙalla kwana 29 kafin ranar. Ofishin zai ba da takardar da su biyu, da maɗaurin, da shaidu biyu masu shekara 16 ko fiye za su sa wa hannu, a mayar da ita cikin kwana 3. Ɗan Nijeriya kuma sai ya nemi biza ta zuwa aure. Wanda ya tsallake waɗannan, ko da an naɗa masa igiya goma, yawon buɗe ido kawai ya je.

Akwai kuma wata magana da ake yawan yi, wai mutanen da sukan yi wannan ɗauri a matsayin auren gwaji na shekara ɗaya da kwana ɗaya, in zama bai yi daɗi ba kowa ya kama gabansa. Marubucin nan Walter Scott ya taimaka wajen yaɗa ta cikin wani littafin ƙagaggen labari na 1820, amma a 1958 masanin shari'a A. E. Anton ya nuna cewa asalin abin baiko ne, ba gwaji ba. Naɗa igiyar ma kamar yadda ake yi yanzu, masu farfaɗo da al'adun gargajiyar Turai ne suka raya shi a ƙarni na 20, fim ɗin Braveheart na 1995 ya ƙara masa farin jini.

Masu zuwa sun ce gudun ɗawainiyar biki da cin bashi ne ya kai su, kuma wanda ya taɓa haɗa lefe ba zai yi musu dariya ba. Sai dai a wurinmu aure yana da waliyyi da sadaki da shaidun da suka san gidajen biyu, waɗanda ran da aka yi saɓani su ne masu zuwa biko. Mai ɗaukar hoton Glencoe kuwa, da ya miƙa hotunansa ya gama nasa. Abin lura shi ne, ko a ƙasar da igiya ke ɗaure hannu, hukuma ba ta yarda da aure ba sai da shaidu. Allah Ya ba ma'aurata zaman lafiya, amin.