Aikin Farfesa Olayinka Omigbodun da Matsalar Kalmomin Ciwon Hankalin Yara a Hausa

Abin nufi a wannan takarda shi ne a bayyana aikin wata likita wadda ta ba da ƙarfinta ga lafiyar hankalin yara da matasa, sa'an nan a nuna inda aikin nan ya taɓa masu nazarin Hausa da malaman kwalejojin horon malamai, irin ta Gumel.

Olayinka Omigbodun a Jami'ar Ibadan ta koyi aikin likita, ta ƙara ilmi a Ingila, kana ta komo gida. Ita ce mace ta fari a Nijeriya da ta kai matsayin farfesa a fannin ciwon hankali. Daga 2010 zuwa 2014 ta shugabanci ƙungiyar duniya ta masu wannan sana'a ta fuskar yara da matasa, kuma kafin ita ba wani ɗan Afirka da ya taɓa riƙe kujerar. Da taimakon Gidauniyar MacArthur ta kafa cibiya a Ibadan, inda tun 2013 ake horar da likitoci da sauran ma'aikata daga ƙasashen Afirka dabam-dabam. A 2020 aka ba ta shugabancin Kwalejin Likitanci ta jami'ar.

Bincike biyu sun isa misali. A 2008 ita da abokan aikinta suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa 'yan makaranta sama da 1,400 a ƙasar Yarabawa. Kimanin ɗaya cikin biyar suka ce tunanin kashe kai ya taɓa zo musu. A 2009 kuma, tare da Dokta Jibril Abdulmalik da waɗansu, suka buga sakamakon binciken da suka yi wa almajirai 340 a Maiduguri, inda suka tarar wajen biyu bisa uku suna amfani da wani abu mai sauya hankali. Wannan ya dace da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa, watau rabin cututtukan hankali suna somawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14.

To, ina ruwan mai nazarin harshe da wannan? Amsa ita ce, wannan ciwo ba a ganinsa a jini ko a hoto. Da magana ake gano shi. Likita ya yi tambaya, yaro ko uwarsa su amsa, kuma idan kalma ta kuskure, magani ya kuskure.

Mu duba abin da Hausa ta tanada. Akwai hauka, da zautuwa, da taɓin hankali, da shafar iska, amma duk waɗannan babban mutum suke kawo wa rai, wanda ya fita tsirara a kasuwa. Ba uban da zai yarda a jingina su ga ɗansa. Yaro kuwa sunayen hali ake ba shi: kangararre, miskili, daƙiƙi, rago. Waɗannan kalmomi hukunci ne, kuma abin da ke bin hukunci bulala ce. Wadda ta daina magana da wasa ma sai a yabe ta da kunya, har ciwon ya yi nisa. Kalmar damuwa, wadda ake amfani da ita yanzu, ta yi faɗi da yawa, gama wanda akuyarsa ta ɓace ran kasuwar Maigatari da wanda ya yi wata uku bai yi barcin kirki ba, duka damuwa aka ce suna yi.

A ƙasar Gumel, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, malamin aji da malamin allo su ne suke fara ganin yaro ya sake, tun kafin wani likita ya ji labari. Saboda haka shawarata biyu ce. Ta fari, a tattara kalmomin da iyaye mata da malamai suke faɗa da bakinsu game da irin waɗannan yara, a rarrabe ma'anoninsu tare da likitoci. Ta biyu, a koya wa ɗaliban koyarwa su riƙa faɗin abin da suka gani maimakon laƙabi: yaro ya daina cin abinci, yana firgita cikin dare, ya ƙaurace wa abokansa. Irin wannan bayani uba yana iya saurararsa ba tare da jin an ci masa mutunci ba, likita kuma yana iya aiki da shi.