Sansanin da ake tsarawa bayan mutane sun riga sun cika shi

A daren 9 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kafin gari ya waye ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Kasuwar Monday a Maiduguri, har fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa. Dubban ɗaruruwan mutane suka fita da kayan jikinsu kawai. Gwamnati ta sake buɗe sansanin Bakassi da ta rufe a ƙarshen 2021, aka buɗe makarantu, jama'a suka kwarara ciki. Ba a cika wata guda ba aka sanar da ɓarkewar kwalara a jihar Borno. Abin takaicin shi ne Maiduguri ce wannan, garin da ya shekara goma yana karɓar 'yan gudun hijira, wanda kuma madatsar nan ta taɓa yi wa irin wannan ɓarna a 1994. Duk da haka sai da mutane suka iso aka fara tunanin inda za su kwana da inda za su kewaya.

Ba ilimin ne ya ɓata ba. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke aiki da su, sun fayyace komai: murabba'in mita 45 ga kowane mutum idan aka haɗa da hanyoyi da makaranta da wurin shan magani, murabba'in mita 3.5 na wurin kwana mai rufi, banɗaki ɗaya ga mutum 20 wanda bai fi nisan mita 50 daga ɗaki ba, ramin masai ya nisanci rijiya da mita 30, lita 15 ta ruwa ga kowa a kullum, famfo ɗaya ga mutum 250. Saboda gobara, ana barin aƙalla mita 2 tsakanin rumfa da rumfa, da filin mita 30 bayan kowane mita 300 na gini. Idan aka yi lissafi, mutum 20,000 na buƙatar hekta 90, banɗaki 1,000, famfo 80, da lita 300,000 ta ruwa kowace rana. Wace firamare ce ke da wannan?

Matsalar tana ga abin da ake gabatarwa. Tsarin sansani na farawa ne daga ƙasa: a duba gangaren fili don a san inda ruwan sama zai bi, a fitar da magudanai da hanyar da tankar ruwa za ta shiga, a ware wurin masai a can ƙasa da wurin rijiya, sannan a kafa rumfuna. Mu kuwa daga rumfa muke farawa. Iyalin da ya fara isowa ya kafa tampol inda ya ga inuwa, na biyu ya jingina da shi, kafin mako ya zagayo babu sauran wurin haƙa masai sai bakin katanga, can nesa cikin duhu. Mace ba za ta je can da dare ba, yaro kuma zai tsuguna bayan rumfa. Ruwan sama ya sauka ya kwashe ƙazantar zuwa inda ake ɗibar ruwan sha. Da zarar mutane sun zauna kuma, tayar da su don a fitar da hanya ya zama rigima, domin wanda ya rasa gidansa jiya ba zai yarda a taɓa 'yar rumfarsa yau ba.

Idan damina ta wuce, cunkoson nan ne yake komawa gobara. Zana da tampol sun bushe, murhu yana dab da bangon maƙwabci, iska na kaɗawa. A Afrilun 2020 wuta ta tashi a sansanin Ngala ta kashe aƙalla mutum 14. A Maris 2021 gobarar sansanin 'yan Rohingya da ke Cox's Bazar a Bangaladash ta bar dubban iyalai babu matsuguni.

Ko inda aka samu damar tsarawa, sau da yawa ana jera rumfuna layi-layi kamar barikin soja don sauƙin ƙirga da rabon abinci. Mutanenmu ba haka suke zama ba. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta ta fi son a haɗa iyalai kusan 16 wuri guda. Idan aka zagaya su da tsakar gida ɗaya, 'yan unguwa ɗaya da bulamansu, banɗakin zai samu mai wanke shi, baƙuwar fuska kuma za a gane ta.

Me ya sa ba a tanadar fili tun da wuri? A ganina, hukumomi na kallon sansani a matsayin abin kunya, shaidar cewa an gaza, don haka ba wanda ke son sa hannu a kasafin abin da yake fatan kada a gani. Hukumomin NiMet da NIHSA na fitar da hasashen ruwan sama da na ambaliya tun kafin damina, ana karanta sunayen jihohi a rediyo, sannan a jira. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu ƙin sansani suna da hujja, ba a musa ba. Gwamnan Borno Babagana Zulum ya sha cewa zaman sansani na koya wa mutane dogaro da tallafi, kuma gaskiya ne da yawa sun fi son sauka wurin dangi. A garuruwa irin su Ngala da Monguno ma, ramin tsaron da ya kewaye gari ya hana faɗaɗa fili. Amma ƙin sansani bai hana a buɗe Bakassi ba, ya dai sa an buɗe shi cikin gaggawa.

Bangaladash, bayan guguwar 1970 da ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta gina dubban mafaka waɗanda da yawansu makarantu ne a ranakun lafiya. Mu ma ba sai an gina sabon gari ba. Kowace jiha da ke bakin kogi ta ware filaye kan tudu, ta auna su, ta haƙa burtsatse da magudanai, ta ajiye zanen wurin a hannun hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) da masu unguwanni. Makarantar da aka san a cikinta za a fake a ƙara mata banɗakuna da tankin ruwa tun da rani, ɗalibai su ci moriyarsu kafin ranar buƙata. Watannin Janairu zuwa Mayu ne lokacin wannan aiki, kuma gwamnan da ya bari suka wuce, shi za a tambaya idan kwalara ta shiga sansani a watan Satumba.