Ko Kun Sani? Japanawa Ma Suna Girmama Ƙanzo

Ɗalibin luggar Japan, idan ya iso babin wuta, zai tarar da fi'ilai biyu 'yan gida ɗaya, *kogeru* da *kogasu*, waɗanda malaman nahawu za su kira na farko lazimi, na biyu muta'addi, kamar dai yadda Bahaushe ya raba tsakanin "tuwo ya ƙone" da "ta ƙona tuwo". Daga wannan tushe aka samo *okoge*, wato abin da ya kama a gindin tukunyar shinkafa, wanda ba wani abu ba ne face ƙanzo.

Matan Hausawa, waɗanda idan sun kwashe tuwo sukan kankare gindin tukunya, su shanya a rana har ya bushe ƙarau, sa'an nan su jiƙa shi su kwaɗa da ƙuliƙuli da albasa da ɗan yaji, lalle ne za su gane hikimar Japanawa, domin a liyafar shan shayi irin tasu ta gargajiya, akan rufe cin abinci da ƙanzon shinkafa cikin ruwan zafi da ɗan gishiri, gudun almubazzaranci da ni'imar hatsi, kuma a ganina wannan ladabi ne abin yabo.

Sai dai tun da kamfanin Toshiba ya fitar da tukunyar lantarki mai kashe kanta a 1955, ƙanzo ya yi ƙaranci a gidajensu, har daga baya aka ƙera tukwanen da ke yin sa da gangan.