Dutsen da ya faɗo daga sama: mene ne shi, kuma yana da kuɗi?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi a ƙasar Gwarzo. Yana cewa ya ji ana sayen duwatsun da ke faɗowa daga sama, shin daga ina suke, kuma yaya mutum zai gane su?

To, malam, ka yi tambaya mai kyau. A can sararin samaniya, tsakanin taurarin Marrihu da Mushtari, akwai tarin duwatsu manya da ƙanana suna kewaya rana. Masana sun ce shekarunsu sun kai miliyan 4,500. Idan suka yi karo da juna sai su farfashe, wani ɓallin ya biyo ta hanyar duniyarmu. Da ya shigo cikin iska da gudu sai bayansa ya ƙone, shi ne hasken da ake gani, wani lokaci har da ƙara kamar tsawa. Yawancinsu kan ƙone ƙurmus, kaɗan ne ke isowa ƙasa. Amma ba su ne gatarin aradu ba. Wannan sassaƙar mutanen dā ce.

Abin kuma ba baƙo ba ne a wajenmu. A 1971 wani ya faɗo a Kabo, nan kusa da ku. A 1984 wani ya faɗo a Gujba, a 2002 kuma a Kilabo wajen Haɗeja. Na Zagami ta ƙasar Katsina, mai nauyin kilo 18, wanda ya faɗo kusa da wani manomi a 1962, shi daga Marrihu kanta ya ɓallo, irinsa kuwa ba su da yawa.

Ga alamun da za ka duba. Bayansa baƙi ne sumul kamar gindin tukunya. Ya fi dutsen gida nauyi. Yawancinsu suna kama maganaɗisu, domin akwai ƙarfe a ciki. Inda ya ɓare za ka ga launin toka da ɗigon ƙarfe mai ƙyalli, sau da yawa da 'yan ƙwayoyi kamar gero. In ka ga ramuka-ramuka, to marmara ce ko kashin maƙera.

In Allah Ya sa ka tsinta, kada ka wanke, domin ruwa na sa shi tsatsa. Kada kuma ka farfasa. Naɗe shi cikin tsumma mai tsabta, ka riƙe ranar da wurin, ka sanar da dagaci, sa'an nan a kai sashen nazarin duwatsu na jami'a a gwada.

Batun kuɗi kuwa, da giram ake auna su, amma galibinsu ba su da tsada. Masu tsadar su ne na Marrihu da na wata. A 2025 an yi gwanjon wani na Marrihu da aka tsinta a yankin Agadas kan dala fiye da miliyan 5 a Amurka, har gwamnatin Nijar ta sa bincike, ta kuma dakatar da fitar da irinsu a shekarar. Saboda haka kada ka sayar wa dillali kafin a gwada, kada kuma ɗan kasuwa ya zuba jarinsa a kan dutsen da ba shi da takardar gwaji. Da fatan ka gamsu.