Hanyar da wutar lantarki take bi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, wutar lantarki ta shigo mana gida. Akwai ta cikin tocila da rediyo, akwai ta cikin batirin mota, ga kuma farantan hasken rana da ke juya famfo a garka ko su sanyaya maganin rigakafi a gidan likita. Abin da mutum yake taɓawa kullum, ya kamata ya san halinsa.

Halinta na farko shi ne, ba ta tafiya sai hanya ta kewayo. Mu buɗe tocila mu duba. Kowane pil yana da kai biyu: ɗaya mai alamar tarawa (+), ɗaya mai alamar ɗebewa (-). Wutar tana fita ta kai guda, ta bi ƙarfe, ta ratsa ƙwan fitila, sa'annan ta komo ta ɗayan kan. In hanyar ta yanke a wuri ɗaya tak, ko da tsatsa ce kaɗan a bakin pil, to fitila ba ta kamawa. Makunnin da muke dannawa ƙofa ce kawai a kan wannan hanya. Shi ya sa kafin a jefar da tocila ya kyautu a kankare tsatsar tukuna.

Ƙarfin da ke tura wutar ana auna shi da bolt. Pil ɗaya bolt 1,5 gare shi. In an jera biyu, kan wannan a gindin wancan, ƙarfinsu ya haɗu ya zama bolt 3. Batirin mota ɗakuna 6 ne a jere, kowane bolt 2, jimla 12. Wutar NIGELEC da ke shiga gidaje kuwa bolt 220 ce. A dubi tazarar.

A cikin gida ba a jera fitilu a hanya guda. Kowace da tata hanyar, don haka in ɗaya ta mutu sauran suna nan da haskensu.

Yanzu ga inda haɗari yake. Wuta tana son hanya mai sauƙi. Idan ɓera ya ci robar waya, ƙarafa biyu suka haɗu, sai wutar ta bar fitila ta bi gajeriyar hanya da yawan gaske. Waya ta yi zafi, ta kama zana ko rufin kara, kuma mun san abin da gobara take yi wa rumbu lokacin hunturu. Ko batir mai bolt 12 yana iya wannan ɓarna. Saboda haka ake sa wata siririyar waya mai gadi, wadda ke narkewa ta yanke hanya kafin gida ya kama. Masu ɗaura waya mai kauri a madadinta don kada ta sake tsinkewa, a ganinmu sun kori mai gadi ne sun kwanta barci.

Jikin mutum ma hanya ne, musamman in ya jiƙe. Wanda ya taɓa tsirarar waya yana tsaye ba takalmi a ƙasa mai laima, wutar za ta ratsa shi ta shiga ƙasa, tana iya tsayar da zuciya. Da damina a hana yara kusantar wayar da iska ta kayar.

Idan wuta ta kama mutum, kada a cafke shi da hannu, sai ta haɗa biyu. A kashe babban makunni. In ya yi nisa, kuma wutar gida ce, a tsaya a busasshen wuri a ture wayar da busasshiyar sanda. Manyan wayoyin da ke bisa dogayen turaku kuwa ko da sanda ba a kusantarsu, sai a kira ma'aikatan wuta. A kai wanda abin ya shafa gidan likita ko da ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, domin ƙunar wuta takan yi zurfi a ciki fiye da abin da ido yake gani a fata.