Canza Fulogi da Wayoyinsa a Gida: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, kowane mai mota ya koma lissafin lita. Sai dai da yawa daga masu kukan motarsu na shan mai ba za su iya tuna yaushe rabon da a canza mata fulogi ba. Alhali canza shi aiki ne da mai haƙuri zai iya yi a ƙofar gidansa cikin awa ɗaya, muddin ya san inda haɗarin yake.

Aikin fulogi shi ne kunna wuta. Batir na bayar da bolt 12, kwayil ya ɗaga shi zuwa bolt 20,000 ko fiye, wutar ta bi waya ta isa fulogi, ta tsallake 'yar tazarar da ke bakinsa ta yi tartsatsi. Tartsatsin ne ke kunna cakuɗen fetur da iska a cikin silinda, ƙarfin ƙonuwar ya tura fistin ƙasa. Idan inji na juyi 3,000 a minti, kowane fulogi na ƙyastawa sau 25 a daƙiƙa guda. A hankali bakinsa yake cinyewa, tazarar ta buɗe, kwayil ya riƙa wahala kafin wuta ta tsallake. Daga nan mota ke fara gardamar tashi da safe, ta riƙa rawa a silo, ta shaƙe idan an taka totur a hawa, mai kuma ya riƙa tafiya. Idan fitilar inji ta fara ƙiftawa a dasbod, kada a yi sakaci: ɗanyen fetur ne ke zuba cikin salansa, kuma yana iya ƙone tukunyar tace hayaƙi da ke ciki, wadda kuɗinta ya ninka na fulogi sau da yawa.

Kafin komai, a buɗe bonet a ga irin motar. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da 505 da Golf 3 suna da wayoyi masu kauri da ke tafiya zuwa kowane fulogi. Mafi yawan motocin da aka ƙera daga wajen shekarar 2000 zuwa yau, kamar Corolla 2003 da Accord 2003, ba su da waɗannan wayoyin; kowane fulogi da nasa kwayil zaune a kansa, ƙaramin noti ɗaya ke riƙe shi. Motar dizal kuwa ba ta cikin wannan bayani, domin matsin iska ne ke kunna man ta.

A wajen saye ne mutane suka fi faɗawa. Fulogi biyu na iya kama da juna a ido amma su bambanta a tsawon zare da jurewa zafi. Wanda ya yi tsawo yana iya taɓa fistin, wanda bai dace da zafin injin ba ya riƙa tara baƙi ko ya ƙone. Lambar da ke jikinsa ita ce magana. A NGK BKR6E-11, misali, 6 na nuna matakin zafinsa, 11 kuma na nufin tazarar milimita 1.1. A duba littafin motar a sayi abin da ya ce, ba abin da mai shago ya ce “ai duk ɗaya ne” ba. Sannan akwai jabu. Ko a Kofar Ruwa ta Kano kuke saye ko a Panteka ta Kaduna, ku nemi wanda kuka amince da shi, kuma ku yi shakkar fulogin iridiyam da aka ba ku a farashin na gargajiya. Na gargajiya kan yi kilomita 20,000 zuwa 30,000, iridiyam na gaske kan kai 100,000. A canza duka lokaci guda.

Kayan aikin ba su da yawa: sifanar fulogi mai roba a ciki, yawanci milimita 16 ko 21, da hannunta, da ma'aunin tazara, da tsumma mai tsabta.

A bari inji ya huce sosai, gara ma a yi aikin da safe kafin a tada motar. Kan injin mafi yawan motocin yanzu na alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, kuma idan da zafi zarensa na saurin lalacewa. A kashe mota, a zare makulli. A kama robar da ke kan fulogi a ɗan murɗa ta kafin a ja. Jan wayar kanta yana tsinka abin da ke cikinta ba tare da an gani ba. Kafin a kwance fulogin a hure ramin ko a goge shi tsaf. Ƙurar hunturu da yashin hanyoyinmu na taruwa a wurin, kuma duk abin da ya faɗa ramin cikin silinda ya faɗa.

Sanya sabon shi ne inda aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. A zura shi a hankali, kada a sake shi ya faɗa, domin bakinsa zai lanƙwashe. A fara ɗaura shi da yatsu kawai, ba tare da hannun sifana ba. Idan ya hau daidai zai tafi sumul har ƙasa. Idan ya cije bayan juyi ɗaya ko biyu, to ya hau a karkace. A dawo da shi a sake. Wanda ya sa ƙarfi a nan ya cinye zaren kan inji, kuma aikin 'yan dubbai ya koma na gareji. Bayan ya zauna, sabon fulogi mai wosha yana buƙatar kusan rabin juyi da sifana. Mai sifanar awo ya bi littafin motarsa; ga fulogi mai zaren milimita 14 yawanci Nm 25 zuwa 30 ne. Ɗaurin da ya wuce kima na fasa farin tangaran ɗin jikinsa. Tazara kuwa, a auna ta a na gargajiya, amma kada a dinga cusa ƙarfe a bakin iridiyam, tsininsa siriri ne.

Wayoyi ɗaya bayan ɗaya ake canza su. Injin silinda huɗu yawanci a jerin 1-3-4-2 yake kunnawa, kuma idan waya biyu suka yi musaya mota za ta riƙa harbi ko ta ƙi tashi. A cire tsohuwa, a gwada tsawonta da sabuwa, a danna har a ji ta kama, a mayar da ita cikin maƙalinta nesa da bututun hayaƙi. Wayar da ta tsage ko ta bushe ta gama aiki. Idan ana shakka, a tada motar cikin duhu a duba: tartsatsi mai shuɗi a jikin waya alamar wuta na zurarewa ne. Kallo kawai za a yi, ba a taɓa waya inji na aiki.

Kada a yi saurin zubar da tsofaffin fulogin. A jera su yadda aka ciro su, domin bakinsu na nuna lafiyar kowace silinda. Ruwan ƙasa mai haske ko toka-toka lafiya ce. Baƙi busasshe na nufin mai ya fi iska yawa, sau da yawa saboda filtar iska ta toshe da ƙura. Baƙi mai maiƙo alamar inji na shan baƙin mai ne, kuma sabon fulogi ba zai warkar da wannan ba. Fari fat mai ƙuraje yana nuna zafi ya yi yawa. Idan kuma an tarar da mai kwance cikin ramin, gaskit ɗin murfin inji ne ke yoyo, kuma zai ci robar waya ko kwayil idan an bar shi.

Akwai inda nake ganin a haƙura a kai wa makanike. A motoci masu V6 irin su Sienna, fulogi uku na baya suna ɓoye ƙarƙashin bututun shigar iska, sai an kwance abubuwa da dama kafin a kai gare su. Haka fulogin da ya ƙi motsi: idan ya karye a ciki, fitar da shi babban aiki ne. Idan kuma an canza komai daidai mota ba ta daina rawa ba, kada ku ci gaba da sayen kaya bisa zato. Ku kai ta a sa mata na'ura, a duba kwayil da injekta da matsin silinda.