Hawan jini a wurin ci-rani: gaskiya da jita-jita

A majalisar 'yan ci-rani, tun daga masu dako a Mile 12 har 'yan acaɓa da masu gadi a Agege, ana yawan cewa hawan jini ciwon masu hutu ne, wai wanda ya wuni yana zufa ba ruwansa da shi. Ba haka ba ne. Mai ɗaukar buhu ma yana kamuwa. Indomin mai shayi da garin ɗanɗanonta, da miyar da aka zabga wa dunƙule, sukan zarce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Ga taba, ga ƙarancin barci, ga gado.

Wani kuma ya ce ai in jininsa ya hau zai ji a ka. Wannan maganar tana kashe mutane. Yawanci ciwon ba ya nuna alama, har hukumar ta ce kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Sai an wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya, a yi karo-karo a sa mutum a tirela zuwa gida, can kuma a ce sammu ne. Awo kaɗai ke nunawa: in ya kai 140/90 a ranaku daban-daban, to sai likita.

Zoɓo fa? Akwai ƙamshin gaskiya, yakan ɗan sauko da jini, amma ba mai sukarin nan na gora ba, kuma bai isa ya maye gurbin magani ba. Ƙaho kuwa ba ya warkar da ciwon.

Sai maganar da ba a yi sai an rage murya, cewa maganin yana kashe mazakuta. Wasu magungunan, irin su atenolol, sukan taɓa wasu mazan, wannan gaskiya ne. Sai dai hawan jinin da aka ƙyale shi ma yana lalata jijiyoyin wurin. A faɗa wa likita, akwai irinsu amlodipine da zai iya canzawa da su. Jin nauyi a nan ba shi da amfani.

Gaskiya ne kuma in an fara sha ba a cika dainawa ba, don maganin danne ciwon yake yi, ba ya tumɓuke shi. Abin da ke ja da baya shi ne damina: mutum ya koma gida noma, ƙwaya ta ƙare, ya share wata huɗu ba ya sha. Sannan diclofenac da ibuprofen da ake afawa don ciwon jiki suna ƙara hawan jini, suna cutar ƙoda.

Ɗan'uwa, kafin ka hau motar gida ka je a auna ka, ka sayi maganin da zai kai ka kaka, ka riƙe kwalinsa a aljihu.